Yadda Kakata Ta Ɓace a Nairobi

Abin da ya fara tarbata a Nairobi wurin wankin mota ne. Na sauko daga tasi da akwatuna biyu da jakar kwamfuta a baya, na dubi lambar gidan da dillali ya turo mini a waya, na dubi bango, lamba dai ita ce. Gida ne babu. Wasu ƙarti uku kawai na gani riƙe da tiyo suna fesa wa wata farar mota ruwa. Na kira dillalin, wanda na riga na sallama tun ina Zuru, aka ce wayarsa a kashe take. Har yau ɗin nan a kashe take.

Sunana Rifkatu, ɗiyar tsohon sajen soja, kuma a gidanmu ba a kuka a bakin titi. Sai na zauna a kan akwati na kama dariya, don in ban yi dariyar ba ɗayan ne zai zo. Wata mata mai gasa masara a tsallaken titi ta daɗe tana kallona, can ta tsallako da masara guda a ganye ta miƙa mini.

"Ci tukuna," ta ce da Turanci. "Ke ce ta uku da ya turo nan."

Mama Wambui ke nan. Kafin in gama cin masarar ta san daga inda na fito, da abin da ya kawo ni, da cewa ban san kowa ba a garin. Ta ce akwai ɗakin da 'yarta ta bari da ta yi aure, in ba zan raina ba. Ina ni ina raini! A ɗakin nan na zauna, gado ɗaya, taga ɗaya, da wata kaza mai taurin kai da ta ɗauka ita ce mai gidan.

Sanyi ne ya fara koya mini hankali. Wa ya gaya mini akwai sanyi haka a Afirka a tsakiyar damina? Sai abinci. Suna da wani farin tuwon masara mai tauri da suke kira ugali, a kawo maka shi da soyayyen ganye, babu miyar da za ka tsoma loma. Ranar farko na zauna ina jiran miya har tuwon ya huce. Mama Wambui ta ce me nake jira, na ce miya, ta yi dariya har tana share hawaye da bakin zane. Na yi kewar tuwon dawa da miyar kuka, na yi kewar ƙamshin daddawa, na yi kewar tsaunukanmu da yadda suke korewa shar in ruwa ya zauna. Ran Lahadi na bi ta coci, suka ɗauko wata waƙa da muke rerawa a Zuru, sauti ɗaya, harshe daban. Na bi su da Hausa a hankali, kuma a nan dai na yi kukan da na hana kaina a bakin titi.

Kamfanin da ya ɗauke ni ƙarami ne, a hawa na uku na wani bene. Suna da shafin intanet da ƙungiyoyin manoma ke rajistar mutanensu a kai: suna, ƙauye, lambar waya, ranar haihuwa, girman gona. Duk wannan yana shiga rumbun bayanai. In iri ko taki ya iso, shafin ya ciro jerin sunaye daga rumbun, a tura wa kowa saƙo ya zo ya karɓa, tsofaffi a gaba. Suna shirin kai abin Najeriya, har da jiharmu ta Kebbi, shi ya sa suka nemo ni. Shugabarmu, Madam Aciyan, doguwar mace mai magana ɗaiɗai, ta gaya mini sharaɗi tun ranar farko: gwaji na wata uku. In na ci, su nema mini takardar izinin aiki. In ban ci ba, in tattara akwatunana in koma gida.

Da Baba ya kira yana tambayar wane irin aiki ne, na rasa ta inda zan ɓullo masa, sai na ce, "Baba, ka tuna faretin duba kaya da kuke yi kafin a fita?"

"Mi zai sa in manta? Ni ke duba su."

"To shi ne. Kowane bayani da zai fito daga rumbu ya shiga shafi, sai in rubuta masa irinsa: wannan lamba ce, wannan rubutu ne, wannan kwanan wata ne. Akwai wata manhaja da za ta bi aikin layi bayan layi, tun ba a kunna komai ba. In ta ga an ɗauki suna ana son a yi lissafi da shi kamar lamba, ta ja jan layi a wurin. In babu kuskure ko ɗaya, ta nuna kore."

Ya ce, "Ashe ita ma saje ce."

Daga ranar na raɗa mata Saje. Cikin mako biyu duk ofis Saje suke ce mata, ba su ma san ma'anarsa ba.

Akwai wata al'ada a ofishin nan da ta ɗaure mini kai. Kullum da safe sai a tashi tsaye a yi da'ira, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da ya gagare shi. Otiyano, wanda teburinsa ke kusa da nawa, mutum mai barkwanci da son shayi, sai ya dubi tsabar idon Madam ya ce, "Jiya na lalata shafin rajista, kuma har yanzu ban san yadda na yi ba." Madam ta gyaɗa kai, a wuce na gaba. Ikon Allah! A gidanmu in Baba ya tsaya a ƙofar ɗaki da safe ya ce yaya, amsa ɗaya ce: komai daidai. Ko tulu ka fasa, ka je ka nemo wani tukuna. Ba a kai wa babba matsala, gyara ake kai masa. Haka muka tashi, mu 'ya'yan bariki. Don haka duk safiya in layi ya zo kaina, sai in miƙe ƙafa in ce, "Komai daidai, Madam."

Alhali ba daidai ba. Ranar da na fara kunna Saje, kore ta nuna mini tas, ko jan layi ɗaya babu. Na ce kai, aiki mai girma haka a ce ba kuskure? Da na leƙa ciki sai na gano dabarar. Wanda ya riƙe aikin kafin ni, wani ɗan kwangila da ya riga ya kama gabansa, ya bi kusan kowane bayani ya manna masa alamar "kowane iri". Duk abin da ke ɗauke da wannan alama, Saje ba ta tambayarsa komai, wucewa kawai take yi. Wato ya rufe mata ido ya karɓi yabo ya tafi. Na ce a raina, wannan da dillalina uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Na fara ɓamɓare alamun ina sa na gaskiya. Jan layi ya zubo har allon ya koma ja wur. Na duƙufa. Wasu kurakuran ma dariya suke ba ni. A wani wuri an ɗauki lambar waya a matsayin lambar lissafi, sai sifirin farko ya faɗi, saƙo ya tafi inda Allah kaɗai ya sani. Ina gyarawa, wasu na ɓullowa. A tebur nake cin abincin rana. Otiyano kan turo mini kofin shayi da wani soyayyen fulawa mai kama da fanke. Da safe kuma, komai daidai, Madam.

A mako na goma na iso kan ranar haihuwa. Rumbun bayanan ya yarda a bar gurbin nan babu komai. Amma duk wanda ya rubuta aikin shafin ya ɗauka kullum akwai kwanan wata a ciki. Da na rubuta masa irinsa na gaskiya, wato "kwanan wata ko babu", Saje ta ja layi a wurare sama da arba'in. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na iso inda ake haɗa jerin masu karɓar iri. A nan ake lissafa shekarun mutum don a sa tsofaffi gaba. In lissafin ya gagara saboda babu ranar haihuwa, an rubuta cewa a tsallake mutumin a wuce. Ba ƙara, ba gargaɗi. Yana cikin rumbu, amma sunansa ba zai taɓa fitowa a jeri ba. A can ba wanda ya lura, don manoman da suka yi wa rajista kusan kowa ya zo da katinsa mai kwanan wata.

Nan take Kakata na tuna. Tana Manga, har yanzu da hannunta take shuka gyaɗarta. In ka tambaye ta yaushe aka haife ta, ce maka za ta yi shekarar da fari suka cinye dawa. In ka matsa, ta ce ta girmi golmon kakanmu da kaɗan ko ya girme ta, golmo kuwa shi ne noman da saurayi ke yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Ita da sa'o'inta daga Manga har Wasagu da Sakaba haka suke. Mutanen da aka ce za a sa a gaba, su ne abin zai share.

Ranar nan kuma Madam ta sanar a da'ira, fuskarta a sake, cewa tunda Rifkatu ta ce komai daidai, ta yi wa abokan hulɗarmu na Najeriya alkawarin za a buɗe musu shafin nan da mako biyu. Juma'a mai zuwa in nuna Saje ta yi kore, a kuma yanke maganar takardata. Aka tafa mini. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da rana na ja Otiyano gefe na nuna masa. Ya sosa ƙeya ya ce, "'Yar'uwa, wannan ba aikin mako ɗaya ba ne ga mutum ɗaya. Mayar masa da 'kowane iri'. Ta yi kore, ki karɓi takardarki, daga baya mu gyara tare a nutse." Ba mugunta ce ta sa ya faɗa ba, tausayina yake ji. Kuma ba zan ɓoye ba, na gwada. Kalma ɗaya na canza, jan layukan nan suka ɓace ɓat, allo ya yi kore shar. Na zauna ina kallonsa har shayina ya huce. Wallahi ya yi kyau.

Ran Lahadi bayan coci na zauna a bayan gida kusa da kazar nan na kira Baba. Ya ce yaya aiki. Na buɗe baki zan ce komai daidai, sai na fasa. Na kwashe duka na gaya masa, har da koren da na saya da kalma ɗaya.

"Tsaya," ya ce. "Mako goma kina ce ma shugabarki komai daidai?"

"Ai haka ka koya mana, Baba."

"Ni? Ni na koya miki wanga shirme?" Na ji ya buga sandarsa a ƙasa. "Ke Rifkatu, a fareti soja shimfiɗa kayansa yake a ƙasa, kowa ya gani. Mun yi wani kofur da gorar ruwansa ta huje, ya goge ta tana walƙiya, ya juya hujin ƙasa. Ya ci fareti. Da muka shiga daji ruwan wa ya sha? Namu! Saje ke faɗin komai daidai, bayan ya duba. Ba mai kaya ba."

"To amma a gida in ka tambaye mu..."

"A gida na riga na leƙa ɗakin kafin in tambaya, sakarya. Kina tsammanin ban san wa ya fasa tulu ba?"

Na yi dariya hawaye na zuba. Sai na ji ana kokawar waya, ashe Kaka ta zo Zuru ganin likitan ido. Ta karɓa tana magana da ƙarfi, rabi yarenmu na C'lela rabi Hausa, don a ganinta nisan ƙasa sai da ɗaga murya. Ta tambaya ko ina cin abinci, ko akwai dawa a garin. Sannan ta ce, "An ce manoma kike rubutawa a na'ura. To ki rubuta ni. Irin gyaɗa nake so, mai jan bawo."

Na ce, "To, Kaka."

Litinin da safe aka yi da'ira. Otiyano ya faɗi abin da ya lalata, na kusa da shi ya faɗi nasa, layi ya zo kaina. Na ce, "Madam, ba daidai ba. Kuma ba yau ya fara ba."

Na jona kwamfutata da babban allo, na cire kalmar da na sa, ja ya dawo gaban kowa. Na ga ba duka suka gane girman abin ba, sai na buɗe shafin rajista na gwaji na rubuta sunan Kakata, ƙauye Manga, gona kaza, lambar wayar Baba, na bar ranar haihuwa babu komai. Shafin ya karɓa, har da cewa an yi nasara. Na danna a fito da jerin masu karɓar iri. Muka bi shi daga sama har ƙasa.

"Ina matar take?" in ji Madam.

"Tana Zuru, jiya ma mun yi waya. Amma a wurin shafinmu babu ita."

"Mutum nawa ne irinta a can?"

"Ban ƙirga ba, Madam. Amma a ƙauyenmu, in kin ga mai furfura, to ki ɗauka haka yake."

Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta juyo kaina, kuma ba da wasa ba. Ta ce kuskuren ba nawa ba ne, amma shirun nawa ne. Ta ce saboda maganata ta yi alkawari, yanzu ita za ta ɗauki waya ta ba mutane haƙuri ta ji kunya. Ta ce Juma'a tana nan yadda take, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Na ce na ji.

Abin da ban zata ba shi ne, tana shiga ofishinta Otiyano ya jawo kujerarsa, wasu biyu ma suka jawo nasu. Aka raba jan layukan kamar ana raba kunya a gona, kowa ya kama tasa. Abin da na yi mako da makonni ina fama da shi ni kaɗai a ɓoye, sai ga shi yana raguwa ana hira ana shan shayi. Muka yi gardama a kan yadda za a sa wanda ba shi da ranar haihuwa a jeri. Wani ya ce a ba kowa ɗaya ga Janairu a huta. Na ce a'a, wannan ma wata ƙaryar ce, za mu sake rufe wa Saje ido. Muka tsaya a kan a ƙara gurbi inda mai rajista zai zaɓa da idonsa: matashi, magidanci, ko dattijo. A kowane wuri da Saje ta ja layi, sai mun rubuta abin da za a yi in kwanan watan babu, sannan ta sake mu.

Juma'a ta zo da sauran jan layi bakwai. Da safe Mama Wambui ta cusa mini masara biyu a jaka, ta ce ko an kore ni ɗakin nawa ne har in sami jirgi. Na tsaya gaban allo na nuna bakwai ɗin, na faɗi abin da kowanne yake nufi da kwanakin da zai ci. Sannan na danna jerin gwaji. Sunan Kakata ne na farko, a saman kowa. Otiyano ya yi wata irin guɗa da ko a bikin Zuru ba za ta ji kunya ba.

Madam ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Kore na ce ki kawo mini."

"Ban kawo ba, Madam."

"Na gani. Ɗan kwangilar can ya kawo mini kore, ga inda ya kai mu." Ta rufe littafinta. "Ki kawo fasfonki Litinin. Amma in na sake jin komai daidai daga bakinki ban duba da idona ba, da kaina zan kai ki filin jirgi."

Na fita baranda na zauna a ƙasa.

An buɗe shafin a Najeriya bayan wata guda, na kuwa yi wa Kakata rajista ta gaske. Da damina ta gaba ta kusa, ina zaune a tebur da rana Baba ya kira. Ya ce yaya aiki, na ce akwai jan layi biyu tun safe, ina kansu. Ya ce madalla. Sannan ya ce saƙo ya shigo wayarsa da sunan tsohuwa, an ce ta je ta karɓi iri, ta kuwa hau babur ta je, ita aka fara kira. Ga ta nan tana son magana.

"Rifkatu!" ta ƙwala, har Otiyano ya ɗago kai. "Masu rajistar gwamnati sau uku suna ba ni ranar haihuwa, kowa da shekararsa, wai duk ran sabuwar shekara. Ke wace kika ba ni?"

"Ban ba ki ko ɗaya ba, Kaka. Na bar wurin babu komai."

"Kuma na'urar ta yarda?"

"Sai da muka koya mata, amma ta yarda."

Ina jin kukan awaki a bayanta da muryar Baba yana korarsu. Sannan ta ce, a hankali wannan karon, kamar ina zaune kusa da ita a kan tabarma, "To, Allah ya yi miki albarka. Yau dai an rubuta ni yadda nake."